Waƙar da Gwaggo Asabe Ta Ce Larabci Ce

Da azumin bana Gwaggo Asabe ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Koki tun ina rarrafe. Ni ba mai ilimi ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu na koyi haɗa baƙi, don haka masu karatu su yi mini haƙuri in rubutun ya karkace. Da Gwaggo za ta ji wai ni Hajara na aika magana jarida, riƙe haɓa za ta yi ta ce, "Ikon Allah, wa ya aike ki?"

Gwaggo ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bar mini waƙa ce. Bayan aurenta na fari ya mutu ta yi aikin reno a Fagge, gidan wasu fararen fata cikin waɗanda muke kira Kwarori. A can ta ɗauko wata waƙar lallashin yaro, kuma da ita ta rene ni. In an tambaye ta yaren, sai ta ce, "Larabci mana. Ba daga gabas suka zo ba?" Mu ma haka muka ɗauka. A wajenmu duk farin da ba Bature ba Balarabe ne, abin da ya fito daga bakin Balarabe kuwa akwai albarka a ciki. Har maƙwabta kan kawo 'ya'yansu masu rigima Gwaggo ta yi musu, wasu ma su ce ta haɗa da tofi.

Yanzu ni ma ina da goyo. 'Yar fari ce, ba zan kama sunanta ba. Tana haƙori, ba ta barcin rana sai da waƙar nan. Watan jiya Baba Liman, baffan maigidana, mai karantar da littattafan Larabci a Kabara, ya zo duba mu, ya tarar ina yi.

"Hajara, me kike karanta wa yarinyar nan?"

"Larabci ne, Baba. Na Gwaggo."

Ya sa na maimaita sau uku, yana karkata kunne. Sannan ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake cikin Larabci, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ki dakata sai an san abin da ake zuba mata a kunne. In addu'ar wani addini ce fa?"

Na dakata. Kwana tara ban yi waƙar ba, kwana tara yarinya tana banƙarewa a bayana. Na gwada namu na Hausa, ta ƙi. Ni kuma na shiga tunani: me na tashi da shi a kunne, me nake ɗura wa 'yata? Sai na fara kasa kunne in maigida yana karatu. Larabci daga maƙogwaro yake tasowa, yana da ja, kamar ana janyo guga daga rijiya mai zurfi. Waƙar Gwaggo kuwa a haƙori da kan harshe take, baƙaƙen a cunkushe, kamar ana tauna aya. Ta yaya na shekara ashirin ban ji bambancin ba?

Maigidana tela ne. Mai gyara masa keken ɗinki wani fari ne da 'yan kasuwa ke kira Garba mai keke, sunansa na gaskiya Garabet. Shi ne ainihin yaron da Gwaggo ta goya. Ni ina kulle, don haka dole maigida ya kai masa waƙar a bakinsa.

"Ke Hajara, ni da gemuna in je kanti in yi waƙar goyo?"

"Ko ka je, ko ka karɓi goyon."

Yarinya ta tsala ihu. Ya zauna ya koya.

Da ya dawo ya ce ko rabi bai kai ba Garba ya ajiye abin aikinsa. Ashe su ba Larabawa ba ne, Armeniyawa ne. Yaƙi ya kori iyayensa daga ƙasarsu, suka faɗa ƙasar Sham, suka koyi Larabci don kasuwa, amma a cikin gida nasu suke yi. Ya ce yarukan biyu ko dangi ba su haɗa ba. Ruwan da Balarabe ke ce wa ma'u su cur suke cewa, uwa kuma mairig maimakon ummu. Garba ya rubuto mana waƙar a takarda da rubutunsu. Daga hagu suke farawa kamar boko, harufan kamar ƙugiyoyi da ludaya aka jera a igiya. Da Baba Liman ya dawo, ya juya takardar sama da ƙasa yana neman ɗigo, bai ga ko ɗaya ba.

Ma'anar kuwa, uwa ce ke cewa ɗanta ya yi barci, ruwa ya ɗauke, ubansa yana hanya. Shi ke nan. Baba ya yi dariya ya ce, "Ki fara da bisimilla, ki yi abarki." Amma bai ba ni takardar ba. Ya sa a aljihu, ya ce a tambayo masa yadda suke ƙirga.

Ina yawan tunanin me Gwaggo za ta ce da ta ji wannan. Ina jin za ta ce, "To, yaran ba su yi barci ba?" Har ta koma ga Allah ba ta san yaren da take ɗauke da shi ba, ba ta kuma yar da kalma ɗaya ba.

Garba ya gaya wa maigida cewa tun da mahaifiyarsa ta rasu ba shi da abokin magana da yarensu a Kano. Matarsa Balarabiya ce, 'ya'yansa Larabci da Hausa suke ji. Ya roƙi alfarma ɗaya, yana so ya ji waƙar a muryar mace. Maigida ya kwana uku yana juya maganar.

Ranar Juma'a bayan la'asar Garba ya zo, ya cire takalmi, suka zauna a zaure. Ni ina bayan asabari da yarinya a cinya, na fara waƙar. Na san harshen Gwaggo ya lanƙwasa kalmomin, nawa ya ƙara lanƙwasa su, na yi ta jiran ya gyara mini. Bai gyara ko ɗaya ba. Da na kai ƙarshe yarinya ta riga ta yi barci. Daga zaure na ji ya ce da maigida a hankali, da Hausarsa ta 'yan Fagge, "Malam, ka ce ta ƙara."

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe. Na ƙara.