Kyaftin Ɗin Layinmu da Gadar Rafi

Shekarar da ruwa ya tafi da gadar rafin da ke bayan Narayi, ina ɗinki a wani shago a Sabon Tasha, kullum sai na tsallaka rafin nan safe da yamma. Gadar ba wata babba ba ce, amma da ta tafi sai unguwa ta rabu biyu.

Muna da wani maƙwabci da kowa ke kira Kyaftin. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Yakan zauna a ƙofar gida da tsohuwar hular soja, yana ba da labarin gadojin da ya gina a fagen yaƙi, harsashi na wucewa ta gefen kunnensa. Ni dai tun da na ga ya yi wata uku ya kasa gyara ƙyauren banɗakinsa na daina sauraronsa.

Washegarin ambaliyar ya fito da sanda yana ba da umarni. Ya sa maza suka kawo durom huɗu da katakai da igiyar shanya, suka ɗaure. Shi ko ƙusa bai taɓa ba.

"Wannan shi ne fito irin na soja," in ji shi. "Ku hau kawai."

Na ce, "Baba, kai ka fara hawa mana."

Ya harare ni, ya ce kwamanda ba ya barin gaɓa.

Wata mai sayar da doya da muke coci ɗaya ta hau da kwandonta, saboda kasuwa za ta. Ba a kai tsakiya ba igiya ta kwance, durom ɗaya ya kama gabansa. Allah ya taimaka ruwan iya ƙirji ne. Ta fito jiƙe sharkaf, doyarta ta bi ruwa. Kyaftin ya ce laifinta ne, ba ta iya tsayuwa ba.

Bayan 'yan kwanaki injiniyoyin soja suka iso da manyan motoci cike da ƙarafa. Shugabansu wani saje ne siriri, marar yawan magana. An ce daga arewa maso gabas suka dawo, inda suke mayar da gadojin da aka fasa da bam. Suka auna gaɓa, suka haɗa ƙarafan a tudu ɗaya bayan ɗaya, suna tura gadar a hankali zuwa ɗaya gefen.

Sai ga Kyaftin da hularsa, ya sara wa saje, ya shiga ba da shawara.

Saje ya saurare shi, sannan ya ce, "Baba, a wace runduna ka yi aiki?"

Tari ya kama Kyaftin. Saje bai matsa masa ba, sai ya miƙa masa sifana. "To, taimaka mana ka ɗaure wannan notin."

A gabanmu ya yi ta juyawa yana gumi, ashe kwancewa yake yi, har notin ya faɗa cikin laka. Wani soja ya karɓi sifanar ya ci gaba da aikin. Kyaftin ya dafe ƙugu, ya ce tsohon raunin yaƙi ne ya motsa, ya koma gida.

Kwana uku suka gama, har keke na iya wucewa. Matan layi suka dafa musu shinkafa, suka ci a tsaye suka tafi.

Mai doya ba ta sake gaishe da Kyaftin ba. Daga baya ya koma wurin 'yarsa a Rido. Wata da nake wa ɗinki daga can ta taɓa tambayata ko da gaske ne shi ya nuna wa sojojin inda za su kafa gadarmu. Na ce ta ɗaga hannu in auna ta.