Inuwar Ɗorawar Baffa Lauya

Duk wanda ya san Baffa Lauya a Kiyawa ya san hularsa ba ta zama daidai a kansa. Takardar hukuncin babbar kotun jiha ce a ciki, a ninke cikin leda. Ko alwala zai yi, sai ya miƙo maka hular ya ce, "Riƙe da hannu biyu, akwai alƙali a ciki."

Ba lauya ba ne fa! Manomi ne, yayan mahaifina, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Amma duk Litinin sai ya hau acaɓa ya tafi Dutse, ya zauna a bencin baya yana sauraron shari'ar mutanen da bai sani ba. Tsofaffin hukunce-hukunce duk a kansa suke, na gado, na iyakar gona, na burtali. In ya dawo gida kuwa, mu mun shiga uku.

Wata rana akuya ta cinye wa matarsa, Iya Hanne, geron da ta shanya. Ta ɗauko muciya. Ya ce, "Dakata! An ji ta bakin wadda ake tuhuma?"

Ta ce, "Malam, akuya ce fa!"

"To tunda ba ta da lauya, an ɗage zama."

Iya ta ce shi ma an ɗage tuwonsa sai zama na gaba. Ranar dafaffen rogo ya ci.

Takardar nan ta shari'arsa ce da Babanmu, kan gonar da kakanmu ya bari. Aka yanke cewa gona ta Baffa ce, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta Babanmu ce, don shi ya raine ta tun tana ƙarama. Muka ce alhamdulillahi, rigima ta ƙare. Ina! Babanmu ya je ya zauna a gindin bishiyarsa, sai ga Baffa ya zaro takarda, a juye ma ya riƙe ta.

"Tashi, Idi. Kotu ta ba ka bishiya, ba ta ba ka inuwa ba. Inuwa a ƙasata take kwance."

"Yaya, ka ji tsoron Allah!"

"Ka ɗaukaka ƙara."

Gari ya sha dariya, mu kuwa abin ya yi mana ciwo. Babanmu ya yi zuciya, bai sake taka gonar ba, shekaru suka yi ta wucewa daga gaisuwa sai gaisuwa. Amma na sha ganin Baffa ya share gindin ɗorawar, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna a gefe ɗaya yana kallon hanya.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira Babanmu. Ya cire hular ya ɗora masa a cinya, ya ce, "Shekara da shekaru ina jiran ka ɗaukaka ƙara, ka ƙi."

"Yaya, a wace kotu?"

"A wajena mana, sakarai! Da ka zo, ai tuni na ba ka gaskiya."

Babanmu ya fara dariya, sai ta koma kuka. Kwana biyu tsakani Baffa ya rasu.

Yanzu kullum da la'asar Babanmu yana gindin ɗorawar, a rabin tabarma, hular tana ɗaya rabin. Wallahi ina kewar tsohon nan da rigimarsa. Allah ya jiƙan Baffa, ya gafarta masa, ya zaunar da shi a inuwar da ba a cewa kowa tashi.