Ƙwai Mai Ƙaho Ɗaya

A wurin aiki Uwar Ƙudaje ake kiranta, kuma tana amsawa. Da shara ta fara a wani ɗakin binciken kimiyya, daga baya ta koma dafa wa ƙananan ƙudajen ayaba abinci da sauya musu kwalabe. Tun tana toshe hanci har ta saba.

Wata rana Farfesa, shugabar ɗakin, ta zaunar da ita gaban madubin ƙara girma. Ƙwan ƙuda ta gani, fari fat, da ƙaho biyu da yake shan iska da su. Farfesa ta ce tun yana cikin uwarsa ƙwan yake aika saƙo ga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe shi. Inda saƙon ya fi ƙarfi sai a bar fili, na gefe su gina ƙaho, dama da hagu. Amma akwai zuriya guda mai raunin saƙo, ƙahon ƙwanta ɗaya tal. A kan wannan zuriyar Farfesa take nazari, kuma babu irinta ko'ina.

Ana tsakiyar zafi na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, mai gyara ya ce sai an jira kaya daga nesa. Zafi kuwa kashe wa mazan ƙudaje haihuwa yake yi. Uwar Ƙudaje ta nemi izini, ta jera kwalaben a kwali, ta kai su lungun da ya fi sanyi a gidanta, bayan ɗakin surukarta.

"Ke 'yar nan," in ji tsohuwar, "mutane na korar ƙuda, ke kina ba shi masauki?"

"Baƙi ne, Inna. Ba sa cizo."

"Baƙin da ba su iya gaisuwa ba!"

Kullum sai ta jiƙa tawul ta lulluɓe kwalin, in ya bushe ta sake. Ranar da aiki ya riƙe ta har ta makara, ta dawo gida da gudu. Ta tarar da tawul jiƙe sharkaf, Inna a kan kujera tana yi wa kwalin fifita tana zagin mazauna cikinsa.

Uwar Ƙudaje ta ɗaga kwalba ɗaya wajen haske. Tsutsotsi ne farare suke ta huda abincin.

"Sun haihu?" Inna ta tambaya.

"Sun haihu, Inna."

"To, barka. Jiƙo tawul ɗin, hannuna ya gaji."