Falon Gwaggo Fati da hoton da ba ta gane ba

Ku da kuka san Gwaggo Fati ta Dutsen Kura, kun san sabon kaya ba ya shiga falonta ya zauna haka kawai. Sai ya gaida manya. Manyan kuwa su ne tsohuwar kabad ɗin aurenta mai kwanukan samira, da farantan tagulla da ta zo da su daga Bida, da wani madubi da ya dusashe har fuskarka sai ka yi masa bayani. Ko tabarma aka sayo, sai ta jingine ta a gaban kabad ta kwana biyu. "Bari su ga juna tukuna," in ji ta. "Ni ba na haɗa faɗa a ɗakina."

Ni Rabi, 'yar ƙanenta, wannan ɗabi'a ta taɓa hana ni cin abinci. Na gama sakandare ina son karatun zane, Baba ya ce shi ba zai tura 'yarsa koyon shafe-shafen fenti ba. Amma a gidanmu maganar Gwaggo ce ƙarshe, tunda ita ta raine shi. Na san in hotona ya hau bangonta na tsira, in bai hau ba shi ke nan, sai dai in haƙura.

Kuma ba wai ta ƙi sabon abu ba ne, a'a, aiki take ba shi. Ɗan maƙwabciyarta Maman Grace ya taɓa kawo mata hoton wani masunci a dam ɗin Tagwai riƙe da ƙaton kifi. Ta rataye shi, ta ɗauko farantin tagulla ta ajiye daidai ƙarƙashinsa.

"Gwaggo, farantin na mene ne?"

"Ke ba ki da tausayi? Bawan Allah tun safe yake riƙe da kifi, ina zai ajiye?"

Ɗanta Usman kuma, da ya samu aiki, ya ɗauko mata wani mai ƙawata gidaje daga Tunga, da ɗan wandonsa a ɗame. Yaro ya zagaya falo yana taɓe baki, ya ce kabad da farantai duk a kai su sito, ɗakin yana bukatar sarari.

"Sarari ko?" Gwaggo ta miƙe ta buɗe ƙofa. "Ɗan fita waje in gani."

Ya fita. Ta dubi falon ta gyaɗa kai.

"Wallahi gaskiyarka, ya samu sarari. Ka gaida gida."

Usman har yau in aka tuna masa sai ya rufe fuska.

To, ni dai na daure na kai nawa. Babu mutum a ciki, babu kifi, launuka ne kawai, ja da kore da ruwan ƙasa suna bin juna. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi, ta lakace shi da yatsa ta sansana.

"Rabi, wa ya zubar miki da miya a kai?"

Na ce haka yake. Ta ce tabɗi! Ta jingine shi a gaban kabad. Duk zuwan da na yi yana nan a ƙasa. Na rame, na yi kuka a keke a hanyar gida har mai keken ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ranar Sallah muka je gaisuwa gida guda. Muna shiga na ga babu madubi. Madubin aurenta fa, wanda ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba! Hotona ne a wurin. Ta fito da kwanukan samira masu ja da kore ta jera su a ƙarƙashinsa, sai ka ce tare aka saye su. Sai na zauna a ƙasa.

Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Yaya, kin gane abin da ta zana kuwa?"

"Ban gane ba."

"To, don me kika sauke madubinki?"

"Alhasan, kai ma ranar da aka miƙo min kai ban gane me za ka zama ba. Kai ne ga ƙaton kai, ga kuka. Amma na goya ka."

Falo ya kaure da dariya, har Baba. Da dariya ta lafa ta nuna shi da carbinta ta ce, "Yarinyar nan za ta yi karatunta." Ya ce, "To, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da kansa ya raka ni makaranta.

Yau da wannan sana'a nake ci, nake sha, hankalina kwance. Gwaggo ta rasu ba ta taɓa gane hotona ko ɗaya ba, amma duk baƙon da ya shigo sai ta ce masa, "Aikin 'yata ne, ka duba da kyau."

Ina kewarta ƙwarai. Allah ya jiƙan Gwaggo Fati, ya haskaka makwancinta. Yadda ta goya mu ba ta san me za mu zama ba, ya Allah ka karɓe ta da rahamarka.