Baba da Babur Mai Kwale-kwale

Babana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya gama kofin shayi a zaune ba. Kurɓa biyu zai yi ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo ya taɓa jakar kayan aiki, ya tambayi ƙarfe nawa alhali ga agogo ɗaure a hannunsa. Teloli sun sa masa suna Ga-shi-nan, don kafin ka gama cewa kana nemansa ka ji ƙarar babur a ƙofar shago. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana zagaya su, wannan allurarsa na tsallake ɗinki, wancan ƙoshiyarsa na cin zare. In za a je unguwa kuwa Mama ce a bayansa, ta yi zaman gefe, hannu ɗaya a kafaɗarsa. Ita ba ta shiga mota. Tun tana budurwa warin mota ke juya mata ciki, kafin a kai kwana ta biyu ta fara amai.

Bara santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Bayan wata shida ta fara takawa da sanda, amma iyakarta daga gado zuwa kujerar bakin taga. Ni a kantin magani nake aiki, na san abin da likita yake nufi da ya ce ƙafa ta warke, tsoro ne ya rage. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi mata, ko ƙofar gida ta ƙi leƙawa. Hawa babur kuwa ba a ma maganarsa.

Da abin a kanmu kaɗai ya tsaya da sauƙi. Mama na da yaya, muna ce mata Inna Babba, ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana can ƙarshen gari cikin wani dogon lungu da mota ba ta shiga, ciwo ya kwantar da ita, ido kuma ya tafi. Fiye da shekara rabonsu da haɗuwa sai a waya, muryar Inna Babba kuwa kullum ƙara sirancewa take. In sun gama gaisawa Mama sai ta juya fuska bango, ranar ba mai jin bakinta kuma. Na kawo shawarar keken guragu, ta ce ba za a turo ta gaban Yaya kamar kaya a baro ba. Kowa a gidan ya san abin da muke tsoro, kada a kira wata rana a ce an yi rasuwa ba su ga juna ba.

Wannan tsoro ne ya hana Baba sukuni, shi da dama bai san sukunin ba. Sai ga shi rannan ya shigo kantinmu da rana tsaka yana haki, wai ya ga maganin matsalar a shagon wani mai ɗaukar hoto. Babur ne mai wurin zama a gefe, kamar ɗan kwale-kwale da aka manna masa a dama da tayarsa guda. Ba tsoho ba ne can, an dai ƙera shi ne da siffar na zamanin kakanni: fitila ƙatuwa zagayayya, kujera mai sifirin, tayar safaya ɗaure a baya, fenti kore kamar na sojoji. Mai hoton bai taɓa zuwa ko'ina da shi ba, amare da angwaye yake ɗorawa a kai ya ɗauke su.

Na ce Baba, mutum ya ba saba'in baya ya koma wasan yara? Ya ce in tsaya tukuna. Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya nuna min inda ya sa alama da biro. Ashe har ya je lungun su Inna Babba ya auna wurin da ya fi matsi, tsakanin katanga da turken wutar lantarki, ya dawo ya auna faɗin babur ɗin. Zai wuce, har da rarar yatsa uku a kowane gefe.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba hawa za ta yi ba, zama za ta yi. Har bakin ƙofa zan sauke ta."

Daga nan na bar masifar. Kafin sati ya zagayo an turo babur ɗin ƙofar gida.

Turo shi aka yi, don ya ƙi tashi. Baba ya ruɗu da ganin agogon babur ɗin ko kilomita dubu biyu bai cika ba, ya manta abin da shi da bakinsa yake gaya wa teloli, cewa keken da aka ajiye ya fi wanda ake takawa saurin mutuwa. Tayoyi sun tsattsage a tsaye, tanki ya yi tsatsa, tsohon fetur ya daskare a kafireto kamar ƙaro. Sati uku tsakar gidanmu ta koma gareji. Ya kwance kafireton a kan faranti yana wanke shi da ɗan burushin da yake share keken ɗinki, ya kira bakanike sau huɗu kuma sau huɗu suna rabuwa baram-baram, don Baba ba ya iya tsayawa ya ga wani na aiki bai sa hannu ba. Teloli suka yi ta kira, wayar na ruri a aljihu yana cewa su yi ɗinkin hannu.

Ranar da injin ya tashi muka ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Babur mai kwale-kwale ba ya kwanciya a kwana, juya masa kai ake yi da ƙarfin damtse. Jikin Baba kuwa shekara arba'in ya san kwantar da babur. Ya zo kwanar farko ya karkata kafaɗa yadda ya saba, babur ya miƙe abinsa ya shige cikin tayoyin mai faci. In ya ba shi wuta ya ja dama, in ya taka birki ya ja hagu. In ya tsaya sai ya sauke ƙafa ƙasa kamar zai faɗi, abin da ke tsaye da ƙafa uku. Mafi muni, ya kan manta yana da faɗi. Ya hango 'yar tazara tsakanin motoci biyu ya nufe ta, sai ihun mutane ya tuna masa. Hali zanen dutse, in ji maƙwabta, suna dariya daga nesa.

Abin da ya fi tsorata ni na gan shi da idona. Ya sha kwanar dama da ɗan sauri, tayar kwale-kwalen ta ɗaga sama, babur ya tafi a karkace kafin ya dire. Na ce wallahi ba za a sa uwata a ciki ba. Bakanike ya ce rashin nauyi ne, a cika wurin da yashi daidai nauyin wanda zai zauna, ya yi ta koyo da shi. Baba ya tsaya a taga ya tambayi Mama kilo nawa take. Ta ce ya je ya tambayi wanda ya aiko shi. Ya yi shahada ya loda buhu biyu, ta leƙo ta gani, ta ce ashe haka yake kallonta duk shekarun nan. Ya rage rabin buhu aka zauna lafiya. Ranar ce na fara jin dariyarta tun faɗuwar.

Haka ya yi ta zagaya filin makarantar bayan gidanmu da buhunan yashi, safe da yamma, yana yi musu magana in zai sha kwana. Muna cikin haka ɗan Inna Babba ya kira ya ce jiki ya ƙara tsanani, abinci ma sai cokali biyu. Baba ya kasa tsaye ya kasa zaune. Ya ce gobe za a tafi. Mama ta kalli babur ɗin ta taga ta daɗe, sannan ta ce bakin kwale-kwalen ya yi mata tsayi, ba za ta iya ɗaga ƙafa ta tsallaka ba, kuma ba mai ɗaukarta. Bai tsaya jin sauran ba. Ya ja babur sai wurin mai walda, kafin la'asar ya dawo an liƙa matakala ta ƙarfe a gefen waje, da mariƙi a samanta. Ya hau ya sauka ya fi sau goma yana gwada mata.

Washegari da hantsi muka fita. Mama ta taka matakalar, ta kama mariƙin, ta zauna a kan filon da na shimfiɗa, sanda a tsakanin ƙafafunta. Ni na hau bayan Baba. Idonta a rufe yake har muka bar unguwa, leɓenta na motsi. Can sai na ji tana tambaya yaushe aka rushe gidan burodin nan, wa ya sa aka sare bishiyar bakin asibiti. Baba kuwa ya kafa ido a kan hanya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana tafiya a hankali har masu keke na wuce mu, kuma ko sau ɗaya bai karkata kafaɗa ba.

Muka shiga lungun, yara da mata suna leƙowa. Muka wuce gida uku, huɗu, ga turken wutar, ga ƙofar Inna Babba mai shuɗin fenti can gaba. Baba ya matsa jikin katanga ya lallaɓa, sai muka ji ƙarfe ya daki siminti. Matakalar ce ta ci karo da turken. Ya ja baya ya sake gwadawa, ta sake cijewa. Ya sauka ya zaro tef ya auna lungun, ya auna babur, ya sake auna lungun kamar zai buɗe don kunya. Ya auna komai kafin ya saya, amma bai sake awo ba bayan mai walda ya ƙara wa babur ɗin faɗin tafin hannu biyu.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, har sai da na ji tausayinsa ya kama ni. Ya fara surutai, wai mu jira ya nemo mai walda ya yanke, ko ya aro zarto, ko a zagaya ta baya, alhali ya san lungun ba shi da baya. Ya yi gaba ya dawo, tef na reto a hannunsa.

"Malam," in ji Mama. "Tura shi baya kaɗan. Ke kuma riƙe min sandar nan in sauka."

Muka tura. Ta sauko ta matakalar, ta karɓi sandarta, ta dubi ƙofar. Nisan ya kai taku sittin, ƙasar kuma ba daidai ba, ga kwata a tsakiya. Na kai hannu zan tallafe ta ta ture shi. Ta fara tafiya, sanda, ƙafar lafiya, sannan ta jawo ɗayar. Baba ya shiga gabanta yana tafiya da baya, hannuwa a buɗe, yana kawar da duwatsu da ƙafa. Sau biyu ta tsaya ta dafa katanga tana numfashi, sau biyu na ce a kawo kujera, ba ta ko kalle ni ba. Ni da na yi wata shida ina mata faɗa ta taka, sai ga ni ina roƙon ta ta tsaya.

Ɗakin Inna Babba na kusa da ƙofa. Tana kwance ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zane, fuskarta na fuskantar inda take jin ƙarar sanda. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, gumi na zuba.

"Yaya, ni ce."

Inna Babba ta miƙo hannu tana lalube a iska.

"An ce min ba kya tafiya. Wa ya ɗauko ki?"

"Ba wanda ya ɗauko ni, Yaya. Da ƙafata na shigo."

"To ƙaraso," in ji ta. "Ƙaraso in taɓa ki."