Katin Madam Ladi da teburina

Yau da safe na ɗaga kai a ofis, sai na hango Madam Ladi can ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin fanka, tana ta aika takardu da laftof ɗinta hankali kwance. Tawa kuwa tana nan tana juyi.

Shekara shida ke nan intanet ɗin ma'aikatarmu ba ya kamawa sai a teburina, bakin ƙofa. Duk mai son aika saƙo sai ya zo ya gaishe ni, ya tambayi ciwon gwiwata, wani har da ƙosai, kafin in matsa masa.

Na ce, "Madam, yau ba a zuwa gaisuwa?"

Ta ce, "Oga, ina kwana. Wuse na kai ta, aka cire katin wayales na ciki, aka sa sabo. Ɗan mitsitsi ne fa. Yanzu har wajen ajiye motoci tana kamawa."

Na ce, "Irin waɗannan ba sa ƙarko."

Ta yi dariya. "In ba ka lambar mai gyaran? Mutum huɗu sun riga sun karɓa."

Har azahar ba wanda ya leƙo ni.

Jama'a, ku gaya min tsakani da Allah: da ma ni ake gaisarwa, ko teburin?