Buta Mai Zanen Kore

Tun kafin baƙin su iso, abin da ke raina shi ne bakin 'yata. Lokacin ta fara rarrafe, kuma duk abin da hannunta ya kai gare shi sai ya wuce baki: murfin kwalba, silifa, gawayi. Ba ta daɗe da tashi daga gudawar da ta kusa raba ni da ita ba, wadda sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Tun daga nan ruwan da za ta sha sai na tafasa, na rufe, na ɗora can saman kabad. Matan gidanmu suna mini dariya, wai na mai da yarinya ƙwai. Ban kula su ba.

Ana cikin haka ƙanin mijina, mai tuƙa tasi a kasuwar Kejetia, ya shigo mana da Turawa biyu, mace da namiji, kowanne da jaka a baya wadda ta fi shi tsawo. Ya ce sun daɗe a hanya, sun ratso Burkina a motocin haya, yanzu suna so su huta a Kumasi kafin su gangara bakin teku. Wai ba sa son otal, cikin mutane suke son zama. Surukata, da yake ita ce mai gidan, ta ba su ɗakin bakin ƙofa.

Na ja shi gefe na ce, "Kai, a wace bola ka tsinto waɗannan?"

Ya ce, "Matar yaya, yi a hankali. Mutanen nan sun ga duniya."

"Sun ga duniya, amma ba su ga sabulu ba."

Ba sharri na yi musu ba. Dugadugan matar sun tsage sun yi baƙi, gashin mijin ya dunƙule kamar tsohon soso. Da suka buɗe jakunkuna suka shanya kaya a igiyarmu, sai da na kwashe zannuwan goyona, don warin ya yi kama da na kifin da ya kwana a leda. Hutun nasu kuwa, barci har rana ta take, sannan su fito tsakar gida su miƙe ƙafafu, su sayi waakye, wato shinkafa da wake, su ci da kowane hannu ya zo, su lashe yatsu. Da yamma su tafi kasuwa su dawo ba su sayi komai ba sai hotuna. Ba su da mugun hali, wannan kam na shaida. Matar ta koyi "sannu", tana yi wa kowa, har akuya. Ta kuma ƙwallafa rai a kan 'yata, ni kuma duk sanda ta ɗauke ta sai in kafa mata ido.

A gidanmu butoci iri biyu ne. Na alwala suna bakin famfo. Akwai kuma guda ɗaya mai zanen kore da rawaya, tana zaune a ƙofar bayan gida, ita kowa ke shiga da ita, babba da yaro. Ba a taɓa zaunar da wani an gaya masa ba. Ana tashi ne a gan ta a can.

Wata safiya ina durƙushe ina wanki, na ji 'yata tana ƙyalƙyala dariya. Na waiga. Baturiyar na zaune a tabarma, yarinya a cinyarta, ta kafa mata bakin butar nan mai zanen kore a baki, ruwa na gangarowa har wuya.

Ban san sanda na tsallake baho ba. Na fizge yarinyar ina salati, na sa yatsa ina ƙwaƙule mata baki. Gida ya taru. Matar sai nuna wata ƙaramar ƙwayar magani take yi, tana magana da sauri. Ƙanin mijina ya ce wai tana cewa ruwan mai tsabta ne, sun jefa magani a ciki, ai da butar suke sha tun zuwansu, da ita suke wanke baki. Wai ta fi sauran kyau.

Na ce, "To gaya mata aikin butar!"

Ya ja da baya. "Ni? In dubi mace in faɗi wannan? Wallahi ba da bakina ba."

Surukata ta matso. Ta karɓi butar, ta tattare zani, ta tsuguna a tsakar gida, ta kai hannun hagu baya, ta nuna. Sannan ta miƙe ta dubi Baturiyar, ta kira ta yadda ake kiran Turawa a nan, ta ce, "Obroni, kin gane?"

Sun gane. Mijin ya ruga bakin kwata yana kakarin amai, matar ta rufe fuska ta fashe da kuka. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Tsaya, in da ita suke sha, to da me suke shiga?" Sai na tuna naɗin takardar goge bayan gida da nake gani a aljihun jakarsu, na tuna hannayen nan a cikin waakye, a kumatun 'yata. Ranar ko koko ban iya haɗiya ba.

Na goya yarinyar muka tafi asibiti. Nas ta ce in sa ido, in ba ta ruwan gishiri da sukari. Cikinta ya ɗan sake, na zauna ina duba kowane tsumma kamar mai tsintar shinkafa, amma Allah ya taƙaita, bai kai na farko ba. Baƙin sun tsaya har ta warke, matar kullum tana ƙofata tana "sannu, sannu", ban sake miƙa mata yarinya ba. Da za su tafi na hango sabuwar buta ɗaure a jakarta, mai zanen kore, ta saya a Kejetia.

Har yau in na ga irin butar nan sai yawu ya taru a bakina. Don Allah, in baƙo daga nesa ya sauka gidanku, kafin ku ba shi tabarma ko abinci, ku ajiye kunya ku kai shi ƙofar bayan gida, ku nuna masa butar, ku gaya masa aikinta.